Shari'ar Guza da Maƙesu a Kwarin Dabagi

An ce wai a wani zamani da ya shuɗe an yi wani alƙali mai suna Malam Haliru, wanda sarkin ƙasarsu kan tura ƙauyuka idan magana ta fi ƙarfin masu gari. Mutum ne mai sanyin baki, mai yawan tambaya, ba ya gaggawar yanke hukunci, har masu ƙara kan fita daga gabansa suna miƙa don gajiya. Amma ba a taɓa jin ya yanke magana ta dawo ba. Wata shekara, a ƙarshen damina, aka aike shi wani gari da ake kira Kwarin Dabagi, inda ruwa ya ci mutum tara.

Shi wannan gari a cikin kwari yake zaune, ruwansa kuwa yana bisa kansa. Kakanninsu ne suka tare rafi da tudun ƙasa a wuri biyu, suka sami Ƙaramin Tabki da Babban Tabki, da su ake ban ruwan albasa da alkama duk rani. Wannan tudun ƙasa shi suke kira madatsa. Tun kafuwar garin suna da doka guda a kanta: duk ɗan garin da ya ɓata madatsa, ba a zub da jininsa, amma a fitar da shi daga gari, kada ya ƙara dawowa har ya mutu.

Suna kuma da wata al'ada da ta fi dokar tsufa. Sun ce kakansu na farko ƙishirwa ta kusa kashe shi a daji, sai ya bi sawun wani guza har ya kai shi ga ruwa, nan ya rantse shi da guza sun zama 'yan'uwa, su da zuriyarsu. Saboda haka a Kwarin Dabagi ba a kiran guza da sunansa, sai dai a ce Babban Wa. Ba a dukansa, ba a korarsa, ba a yanke ciyawar gindin madatsa inda yake kwana, ba a ma shiga cikinta. In ya shiga akurki ya shanye ƙwai, matar gida sai ta ce Babban Wa ya zo gaisuwa. In ya mutu kuwa, a naɗe shi da farin ƙyalle a binne shi a gefen maƙabarta, ta ciki. Da yake ba mai taɓa su, guzaye suka yi yawa, suka yi ƙiba, har akwai wani tsoho a cikinsu da tsawonsa ya kai na namiji a kwance.

Yadda suke girmama guza, haka suke tsoron maƙesu, ɗan ƙwaron nan da ke tashi da almuru yana ƙyasta wuta a gindinsa. A wurinsu maƙesu idon mayu ne. In ɗaya ya ratso tsakar gida, uwa takan janye ɗanta ta tofa addu'a. Kowane gari da irin wautarsa, ba na ce tasu ta fi ta kowa ba, amma tasu ta zo ta yi kisa.

Mai kula da madatsa a lokacin wani mutum ne ana ce masa Tunau, ya gaji aikin daga ubansa. Gidansa na can gangare, dab da Ƙaramin Tabki, shi da matarsa Tasalla, Allah bai ba su haihuwa ba, shekara ashirin da shida suna tare. Ubansa ya koya masa wata dabara. Tun da ba a shiga ciyawar gindin madatsa, ba yadda za a ga inda ruwa ke yoyo da rana. To, sai a jira magariba a hau bisa tudun a duba ƙasa. Inda maƙesu suka yi cincirindo, nan ƙasa ke da laima, inda kuwa ƙasa ke da laima a bayan madatsa, akwai rami a ciki. Ramin nan, sau tara cikin goma, na guza ne. Uban Tunau ya kan lallaɓa ya toshe da yumɓu da ƙaya ba wanda ya sani. Tunau ma haka ya riƙa yi, har ran da aka gan shi.

Aka kai ƙararsa gaban Maigari Barmo, aka ce yana toshe wa Babban Wa ƙofar ɗaki. Maigari ya hana shi. Tunau ya yi bayani, ba wanda ya saurara, don da ma mutane sun daɗe suna ganinsa kullum da magariba tsaye bisa madatsa, ya sunkuya yana kallon maƙesu, leɓɓansa na motsi. Shi ƙidaya yake yi, su kuwa suka ce hira yake da su. Ya koma wurin Maigari karo na biyu, aka sallame shi. A karo na uku haƙurinsa ya ƙare, ya tsaya ƙofar fada ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi in ba a bar ni na toshe ramukan nan ba, Ƙaramin Tabki ba zai ga tsayuwar wata ba!" Jama'a suka ce to, ga shi ya faɗa da bakinsa. Aka kama shi aka ɗaure a zauren Maigari. Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan ƙarshe na shekara, madatsar Ƙaramin Tabki ta ɓalle, ruwa ya share unguwar gangare. A cikin mutum taran da suka mutu har da Tasalla.

Mutanen gari suka ce maita ce, fushin ɗaurin da aka yi masa ne ya sa ya aika da wutarsa ta fasa tudun. Da aka ce ai matarsa ma ta tafi, sai suka ce maye ba ya barin na gida. Aka binne takwas a maƙabarta. Tasalla kuwa, da yake matar maye ce a wurinsu, aka haƙa mata a wajen shinge, cikin tsakuwa, Tunau na ɗaure bai ga ko likkafaninta ba.

A haka Malam Haliru ya same su, bayan kwana ashirin. Ya zauna gindin wata tsamiya a ƙofar fada, aka kawo Tunau da igiya a ƙugu, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Maigari Barmo ya faɗi ƙara, ya ce ba abin da suke nema sai a cika dokar kakanni, a fitar da shi. Sai wata tsohuwa ta matso, sunanta Iya Yalwa, ita ce ke kai wa guzaye ƙwai bakin tabki kowace Alhamis, jikokinta biyu kuma suna cikin waɗanda ruwa ya ci.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na yi musu wanka da hannuna. Ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba. In mutumin nan ya ƙara kwana a garin nan, ni zan fita, in je in mutu a daji."

Alƙali ya yi mata ta'aziyya, ya daɗe yana yi, sa'an nan ya juya ga Tunau ya ce ya faɗi nasa. Tunau ya ba da labarin dabarar ubansa da ramukan guza, mutane na guna-guni. Da ya gama ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba na roƙon a mayar mini da aiki, ba na roƙon gida, ruwa ya riga ya ɗauke shi. Matata tana kwance a wajen shinge ita kaɗai. In aka kore ni, ba mai cire mata ko ciyawa, ba mai tsayawa ya yi mata addu'a. Abin da nake roƙo ke nan, kada a raba ni da ita."

Malam Haliru ya ga inda ƙullin yake. In ya kori Tunau, ya zalunci mutumin da bai ga hujja a kansa ba. In ya sake shi da baki kawai, kafin jakinsa ya kai mararraba mutanen gari sun yi wa Tunau abin da doka ma ba ta ce ba. In kuwa ya ce a kashe guzaye, ba hannun da zai ɗagu, don a ganinsu ya ce su kashe yayyensu ne. Ga kuma Babban Tabki cike maƙil a bisa kan kowa. Sai ya fara tambaya.

Ya ce, "Maigari, wannan Babban Wa da nake ji, baƙo ne a garin nan ko ɗan gari?"

Maigari ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ya fi mu zama ɗan gari. Mu muka tarar da shi."

"Iya, haka ne?"

Ta ce, "Ɗan gari ne, ɗan'uwanmu ne, a maƙabartarmu yake kwanciya."

"To, dokar nan ta madatsa, tana da wanda ta tsallake? Ko ɗan Maigari ne, ko liman?"

Suka amsa baki ɗaya cewa ba ta tsallake kowa. Ya sa suka maimaita a gaban liman, suka maimaita suna murna, don sun ɗauka igiyar Tunau ce ake ƙara ja.

Ya ce, "Madalla. Kun ce maƙesu idon maye ne, inda suka taru nan ya sa hannu. Ni baƙo ne, ban san wuraren ba. A mayar da Tunau zaure a rufe. In an yi sallar magariba, Maigari da Iya su zaga da ni, duk inda muka ga sun taru a kafa turke."

Aka yi haka. Da aka idar da salla suka fita, jama'a na biye daga nesa, kowa na addu'a a ransa. Ba su yi taku ashirin ba sai ga maƙesu sun yi dandazo a bayan masallaci, cikin 'yar ciyawar da ke bakin magudanar alwala. Maigari ya yi kamar bai gani ba. Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, ga na farko, a kafa." Aka kafa, liman na tsaye yana shafa gemu. Na biyu a bakin rijiyar lambun Maigari aka kafa shi. Na uku kuwa a bayan gidan Iya Yalwa, inda ruwan wanka ke fita ta rariya, ita da kanta ta riƙe turken. Daga nan suka hau madatsar Babban Tabki suka leƙa. Gindin tudun duhu ne tun daga wannan kai har wancan, sai wuri huɗu, inda wutar ƙwarin ke tashi tana sauka ba iyaka. Aka jefa turaku huɗu daga sama, kowa ya koma gida.

Washegari da hantsi alƙali ya tara su, ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya. A kowane wuri sai ya ce wa Maigari ya tsoma yatsa a ƙasa, ya kuma taka taku biyar ya sake tsomawa. A gindin turke yatsa ya fito da taɓo, a taku biyar ya fito da ƙura. Ya tambaya wa ya zuba ruwa a bayan masallaci, aka ce masu alwala. A lambu, aka ce guga. A bayan gidan Iya, ta ce ita ce. Da suka isa gindin madatsa ya tsaya ya ce, "To nan fa, wa ya zuba?" Sa'an nan ya ce shi dokar ciyawa ba ta hau kansa ba, tun da ba ɗan gari ba ne, ya naɗe riga ya kutsa ya buɗa ciyawar da sandarsa. Sai ga rami mai faɗin bakin tulu, ruwa na tsiyaya daga cikinsa siriri, ja da ƙasar madatsa. Suna cikin kallo, tsohon guzan nan ya fito da kai, ya zaro harshe mai reshe biyu, ya ja jiki a hankali ya ratsa ta gabansu ko a jikinsa, cikinsa duk taɓo. A sauran turaku ukun na gindin madatsa ma rami aka tarar.

Aka koma gindin tsamiya, aka fito da Tunau. Malam Haliru ya ce:

"Jama'ar Kwarin Dabagi, halittu biyu Allah ya zaunar da ku da su. Ɗaya babba ne, da rana yake yawo, kowa na ganinsa, kun ba shi suna, kun ba shi ƙwai, kun ba shi kabari. Amma aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake yinsa, inda ido ba ya kaiwa. Ɗayan bai kai ƙwayar wake ba, ba ya cizo, ba ya haƙa, kwanakinsa kaɗan ne, abin da ya mallaka duka 'yar wuta ce da ba ta ƙona ko tsinke, ita ɗin ma a fili yake ɗauke da ita. Laima yake bi, ko a bayan masallaci ko a bayan gidan Iya. Babban yana rushe muku gida kuna yi masa sannu da zuwa, ƙaramin yana nuna muku wurin kowace magariba kuna tofa masa yawu. Ban ce guza mugu ba ne. Rami ɗakinsa ne, bai san akwai jarirai a gangare ba. Ban kuma ce maƙesu mai tausayi ba ne, shi ma bai san da ku ba. Mutum ɗaya ne a garin nan ya san abin da su biyun ke yi, shi kuka ɗaure."

Maigari ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun gani. Amma rantsuwar kakanmu fa? Ba za mu iya ɗaga masa hannu ba."

Alƙali ya ce, "Ban ce ku ɗaga masa hannu ba. Jiya a gaban liman kun shaida mini ɗan gari ne, kun kuma shaida dokarku ba ta tsallake kowa. Ɗan gari ya ɓata madatsa. Hukuncin da kuka nema shi zan yanke, ban ƙara ba, ban rage ba. Ba a zub da jininsa, a fitar da shi daga gari, kada ya dawo. Ku ɗauke shi da mutunci, shi da iyalinsa, ku kai su gulbi inda ba madatsa. In kun ce ɗan'uwanku ne, doka ta hau kansa. In kun ce dabba ne kawai, ba abin da ya hana ku tun farko. Ku zaɓi wadda kuka ga dama, duk hanyar gulbi suka nufa. Tunau kuwa ba shi da laifi, a kwance shi."

Ba wanda ya yi kabbara, ba wanda ya yi guɗa. Iya Yalwa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, aka ji tana cewa, "Da hannuna na ciyar da su. Kowace Alhamis, da hannuna." Kuka take yi irin na wanda ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, wannan kuwa ya fi kowane kuka ciwo.

Kwana shida aka yi ana aikin. Tunau ne ya nuna yadda ake sa ƙwai a bakin rami a zarga igiya, a kama guza ba a ji masa rauni ba, ko da yake su guzayen sun tsattsaga wa mutane ƙwauri da wutsiya. Aka sa su a manyan kwanduna aka rataya a sanduna, aka yi ta jigila zuwa gulbi, tafiyar rabin yini. Tsohon cikinsu sai da maza huɗu suka ɗauka. Aka yanke ciyawar gindin madatsa, aka cika ramuka da yumɓu da ƙaya aka daddaɓe, Babban Tabki ya tsaya.

Ran da alƙali zai tafi, Maigari ya zo da dattawa suka durƙusa gaban Tunau suna neman gafara, suka ce ya faɗi abin da yake so a yi masa. Wani ya ce a tono Tasalla a mayar da ita cikin maƙabarta. Malam Haliru ya ce ba a tayar da wanda ya kwanta, an riga an wahalar da ita sau ɗaya. Sai dai a cire shingen a matsar da shi har ya kewaye ta. Nan take mutanen da suka haƙa mata cikin tsakuwa suka shiga tumɓuke ƙaya suna ja, Maigari da kansa a ciki, har kabarinta ya koma tsakiyar mutane. Liman ya ja addu'a, aka shafa.

Tunau na tsugune a gefen kabarin yana tsince tsakuwa daga kansa. Alƙali ya zo yi masa sallama, ya ce, "Bawan Allah, gaskiyarka ta fito. Ka zauna kusa da ita har ran da Allah ya haɗa ku."

Tunau bai ɗago ba. Ya ce, "Na gode, Allah ya gafarta Malam. Sau uku na faɗa musu da bakina, tana da rai a lokacin, tana ma daka a tsakar gida. Ba su ji ba sai da ƙwaro ya faɗa." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Kai ma, Malam, sai da ka kafa turke."

Malam Haliru ya san maganar gaskiya ce. Ya hau jakinsa ya bar garin da baƙin ciki. Tunau ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, yana kula da madatsa yadda ya saba, mutane na gaishe shi da girmamawa suna kau da ido, ba a kuma ƙara jin dariyarsa ba. Da ya rasu aka binne shi kusa da Tasalla.

Abin lura a wannan hikaya shi ne, kada girman abu ko daɗewarsa a gidanka su hana ka duba abin da yake yi a ƙarƙashinka, kada kuma ƙanƙantar mai nuni ta sa ka tsane shi. Gaskiyar da aka ƙi ji tun mutane na raye za a ji ta daga baya, amma a ranar ba ta tayar da kowa daga kabari.